Daga madaɓi zuwa injin gurza: tarihin ƙwarin daɓe a Tawa da arewacin Adar

1. Gabatarwa

A birnin Tawa, idan magini ya shimfiɗa siminti a ɗaki, cewa ake yi ya yi daɓe, alhali kuwa babu wanda ya ɗauki madaɓi. Haka nan idan aka zuba wannan haɗi na tsakuwa da siminti da ake gurzawa har ya yi sheƙi, wanda magina ke kira granito kamar yadda yake a Faransanci, Italiyawa kuma suke ce masa terrazzo, shi ma daɓe ne a bakin jama'a. Kalmar tana nan da ranta, amma aikin da ta samo asali daga gare shi yana ta ja da baya. A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna cewa ƙwarin granito da na daɓen gargajiya tushensu ɗaya ne, kuma dalilan da suka raunana na farko su ne suke raunana na biyu a yau.

2. Shaidar kalmomi

Sunan daɓe daga aikatau ya fito, wato bugun ƙasa har ta danƙare. Daga wannan saiwa aka ƙera madaɓi, sunan kayan aiki, bisa tsarin da ya ba mu magirbi da masassabi. Ke nan a Hausa, ƙasan ɗaki ya samu sunansa daga dukan da ya sha.

Wannan tunani ba na Hausawa ba ne su kaɗai. A Latinanci ana kiran ƙasan ɗaki pavimentum, daga aikatau pavire mai ma'anar bugawa, kuma daga nan Faransanci ya gaji pavé. Vitruve, masanin gini na Rum a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana yadda rukunin ma'aikata ke bugun tsakuwa da farar ƙasa da itatuwa har su kama. A Banis, inda sana'ar terrazzo ta bunƙasa a ƙarni na 16 a hannun magina da yawancinsu mutanen yankin Firiyuli ne, wani sunan da ake kiran sa da shi shi ne battuto, wato bugagge. Harsuna uku, ma'ana guda. Ba mu ce wani ya ara daga wani ba. Abin da muka ce shi ne, matsala iri ɗaya ta haifar da dabara iri ɗaya.

3. Daɓen mata

A ƙasar Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, daɓe aikin mata ne, kuma aikin gayya ne, musamman idan za a kai amarya. Ana daidaita ƙasa, a baza tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, sannan mata su durƙusa a jere suna bugawa da madaɓai. Waƙar daɓe ita ke daidaita saukar hannuwa, don kada wani gefe ya fi wani shan duka. Daga ƙarshe a yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, kamar arewacin Adar, akan jiƙa bagaruwa, wadda majema ma ke aiki da ita. Sinadarin da ke cikin waɗannan ɓawo yana haɗuwa da ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, sai daɓen ya yi duhu, ya rage shan ruwa.

Abubuwa biyu ya kamata mu riƙe a nan. Na farko, tsakuwa ce ke ɗaukar takun ƙafa, ƙasa da makuba riƙe ta kawai suke yi. Na biyu, daɓe ba ya dawwama da kansa. Idan ya fara ƙurjewa, a sake yayyafa masa ruwa da makuba a buga. Ƙwarinsa rabi a dutse yake, rabi a zumuncin matan unguwa.

4. Zuwan siminti

Adar ƙasar dutse ce, kuma a ƙarƙashin tuddanta akwai dutsen farar ƙasa da teku ta bari tun shekaru miliyoyi da suka wuce. Shi ya sa aka kafa masana'antar siminti ta farko ta Nijar a Malbaza, wadda ta fara aiki a 1966. A wannan zamani ne kuma Tawa ta zama babban birnin ɗaya daga cikin jihohi bakwai da dokar 1964 ta tsara. Kuɗin yuraniyom na shekarun 1970, da hanyar da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit, da kuɗin da ƴan bida ke aikowa daga Abijan da biranen Najeriya, duk sun ƙara yawan gine-ginen siminti. Granito ya shigo ta ofisoshin gwamnati da gidajen attajirai.

Sai dai wannan canji ya wuce na kayan aiki. Daɓe ya fita daga hannun mata ya koma hannun maza, ya bar gayya ya koma kwangila, waƙa ta ba ƙarar inji wuri.

5. Ina ƙwarin yake?

Ana zuba granito a kan gindin kankare, kaurinsa wajen santimita 1,5 zuwa 2. Galibi ana haɗa kashi biyu na tsakuwa da kashi ɗaya na siminti, ta yadda idan an gurza, dutse ne zai rufe mafi yawan fuskar. Ana raba filin gida-gida da siraran sanduna na tagulla ko gilashi, domin siminti yana tsukewa idan yana bushewa. Sandunan su ke jan tsagar ta bi layinsu. Tun shekarun 1920 injin lantarki ya maye gurbin dutsen gurza na hannu.

Yanayin Adar yana gwada wannan aiki ta fuska biyu. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma a kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ko a iskar hunturu, daɓen da ba a yi ta shayar da shi ruwa ba a makon farko zai tsattsage. Sannan akwai rairayi. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, ƙwayar rairayi tana mataki na 7, dutsen farar ƙasa kuwa na 3, saboda haka kowane takalmi da ya shigo da rairayi yana kankare sheƙin. Amma da yake dutsen ya ratsa kaurin duka, ana iya sake gurza shi ya koma sabo. Tayil, wanda ake kira karo a nan, fuskarsa ɓawo ce siririya. Idan ta ci ko ta fashe, sai canji.

Mun taɓa tarar da ma'aikata a wani ginin hukuma suna fasa granito da guduma don a sa karo. Da muka tambaya, sai aka ce mana ya dushe, kuma an nemi mai injin gurza ba a samu ba. Daɓen lafiyarsa lau, mai gyaran ne ya ɓace.

6. Kammalawa

Daɓen gargajiya ya ja baya lokacin da gayyar mata ta yi rauni, granito kuma yana ja baya domin masu gurza shi sun ƙaranta, karon da ake shigowa da shi daga waje ya cika kasuwa. A duka biyun, kayan ba su gaza ba.

Mu masu nazarin harshe, aikinmu a bayyane yake. Ƙamus na Bargery na 1934 ya dogara ƙwarai da Hausar Najeriya, littafin Bernard Caron na 1991 kuma ya buɗe mana ƙofar Adaranci. Muna ba ɗalibanmu shawara su je Tawa da Keita da Buza, su naɗi kalmomin daɓe da waƙoƙinsa daga bakin tsofaffin mata, su kuma naɗi kalmomin granito daga bakin tsofaffin magina, tare da bayanin aikin mataki-mataki. Idan aka tattara sunan madaɓi ba tare da yadda ake riƙe shi ba, rabin kalmar kawai aka adana.