Yadda Kakanninmu Suka Yi Da Hunturu

Sau da yawa nakan ji ɗalibai suna cewa sanyin ƙasar Hausa bai kai a kira shi sanyi ba. To, tarihi bai yarda da wannan ba. A watan Disamba na 1823, Baturen nan Clapperton yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Kano, ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin ƙoransu ya yi ƙanƙara a sama. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Tambayata ita ce: yaya talaka ya yi da irin wannan ɗari ba tare da kashe wuri ba?

A ganina amsar tana cikin ginin kansa. Magina sukan ɗora tubali su yi bango mai kauri, su rufe soro da azara da ƙasa, su bar 'yar taga ƙanƙanuwa can sama. Irin wannan bango yakan sha zafin rana yini guda, sa'an nan ya riƙa sakinsa sannu-sannu cikin dare. Sai kuma gadon ƙasa, wanda ake bar wa rami a ƙarƙashi. Da magariba a zuba garwashi a ciki, gadon ya ɗau ɗumi har asuba. Makamashin kuwa kara ne da kirare da busasshen kashin shanu, watau abin da gona da garke suka bari. A lulluɓa da gwado ko luru, saƙar gida, shi ke nan.

Amma fa ba duka aka taru aka zama alheri ba. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Zariya sun nuna cewa ciwon zuciya ya yawaita ga mata masu jego, suka danganta shi da kwanciya kan gado mai zafi da wankan jego da yawan shan kunun kanwa. Haka nan garwashi a rufaffen ɗaki yakan fid da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutum cikin barci.

Da kwano da siminti suka shigo, muka yar da soro don a ce mun waye. Ga shi kwano ba ya riƙe ɗumi: rana na faɗuwa ɗaki ya huce, sai sayen gawayi da bargo. Ina roƙon 'yan'uwa masu nazarin gine-gine su koma wurin tsofaffin magina tun suna raye, su ɗauki hikimar bangon, su gyara ta wutar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.