Dangantakar Koyarwa, Koyo da Jarrabawa a Tarihin Ilmin Nijeriya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wata tsohuwar matsala a makarantunmu, wato rabuwar abin da malami ke koyarwa da abin da ɗalibi ke koyo da kuma abin da jarrabawa ke aunawa. Za a nuna cewa duk lokacin da ukun nan suka saɓa, jarrabawa ce ke rinjaye.

Kafin Zuwan Boko

A makarantar allo da ta zaure gwaji yana cikin karatun kansa. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, malam ya gamsu. Haka ɗalibin ilmi ba ya barin Ahalari zuwa Ishmawi sai ya ƙware. Kowa da darasunsa, kowa da saurinsa, kuma wanda ya koyar shi ne yake aunawa. Ko da yake hadda ta fi yawa a matakin farko, babu giɓi tsakanin darasi da gwaji.

Zamanin Jarrabawar Waje

Ilmin boko, wanda Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya zo da aji da zango da jarrabawar ƙarshe. A sakandare, jami'o'in Ingila irin su Kambirij ne ke tsara tambayoyi, har aka kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952. Tun da yake takardar shaida ita ce mabuɗin aikin gwamnati, sai malamai suka koma koyar da abin da suke zaton zai fito, ɗalibai kuwa suka koma haddace shi.

Yunƙurin Gyara

Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya soki wannan hali. Daga shawarwarinsa, da na taron 1973 wanda Cif Simeon Adebo ya shugabanta, aka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, wadda ta kawo tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982. Ginshiƙin tsarin shi ne auna ɗalibi a kai a kai, a fannin tunani da ɗabi'a da aikin hannu, domin malami ya gano rauninsa tun da wuri ya gyara.

Amma fa shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya riga ya cika azuzuwa maƙil, ƙwararrun malamai kuma sun yi ƙaranci. Kayan koyon sana'a da aka shigo da su sun daɗe cikin akwatuna a makarantu da dama saboda rashin lantarki da masu sarrafa su. Auna ɗalibi a kai a kai sai ya zama ƙananan jarrabawoyi na rubutu kawai, ɗabi'a da aikin hannu kuwa aka bar su a takarda.

Kammalawa

Masana sun daɗe da faɗakarwa kan wannan. Tun 1949 Ralph Tyler na Amurka ya ɗaure manufa da darasi da aunawa wuri guda. A 1996 John Biggs ya nuna cewa ɗalibi da aikinsa yake gina iliminsa, don haka wajibi ne gwaji ya nemi ainihin abin da manufa ta ambata. Idan manufar darasi ita ce yaro ya iya tsara wasiƙa, to a sa shi ya rubuta ta, kada a tsaya ga tambayarsa sassanta.

Nauyin yana wuyan kwalejojin ilmi. Malamin da aka horar da shifta, aka kuma yaye shi da jarrabawar hadda, da wuya ya yi wa yara wani abu daban, domin abin da babba ya hango ne yaro ke bi. Gyaran ya kamata ya faro daga yadda muke auna ɗalibanmu masu shirin zama malamai.