Bayan Ajin Share Fage: Abin da Amurka Ta Koya Daga Head Start

A damanar 1965, gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta ƙaddamar da shirin Head Start a matsayin wani ɓangare na yaƙi da talauci a Amurka. Yara fiye da rabin miliyan daga gidajen marasa ƙarfi suka shafe makonni takwas ana koyar da su, ana ciyar da su, ana duba lafiyarsu. Fatan shi ne su shiga makaranta kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan masu hali.

Ba a jima ba murna ta fara komawa ciki. Binciken farko-farko ya nuna cewa ratar da yaran suka samu tana disashewa bayan sun shiga firamare. Rahoton kamfanin Westinghouse da Jami'ar Ohio na 1969 ya ƙarfafa wannan zargi, duk da cewa masana da dama sun soki hanyar da aka bi wajen binciken. Masu adawa suka ce an yi asarar kuɗi. Wasu kuwa suka juya tambayar: idan dashe ya yi kyau a gandun raino amma ya bushe a gona, ai gonar ya kamata a bincika.

Johnson ya riga ya karkata ga wannan ra'ayi tun 1967, lokacin da ya gabatar da shirin Follow Through domin ci gaba da tallafa wa yaran har zuwa aji uku. Ƙarancin kuɗi ya mayar da shirin gwaji, inda aka kwatanta salon koyarwa kusan ashirin. Sakamakon 1977 ya fifita salon Siegfried Engelmann, mai koyar da karatu da lissafi daki-daki. Sai dai ya kuma nuna cewa salo guda kan yi nasara a wannan gari ya gaza a wancan, alamar cewa yadda makaranta ta riƙe tsari yana da nauyi kamar tsarin kansa.

A birnin Chicago an bi wata hanya a 1967. Cibiyoyin Child-Parent sun haɗa ajin share fage da azuzuwan farko na firamare a gini ɗaya ko kusa da juna, da ƙananan azuzuwa, da ɗaki na musamman domin iyaye. Arthur Reynolds, wanda ya bi rayuwar yara 1,539 na shekaru masu yawa, ya gano cewa waɗanda tallafin ya raka har cikin firamare sun fi tsira daga maimaita aji.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya saba da wasa da malama mai sanin halinsa yakan tsinci kansa a aji mai cunkoso, da dokar zama wuri ɗaya, da malamin da bai san inda ya tsaya ba. Sau da yawa a sake koya masa abin da ya riga ya iya, har na baya su cim masa.

Saboda haka uba ko uwa mai neman makaranta kada ya tsaya ga kyan ajin share fage. Ya tambaya: malamin aji ɗaya yana karɓar bayanin kowane yaro daga malamar da ta raine shi? Yara nawa ne a ajin? Ana kai yaran su ga sabon ajinsu kafin zango ya fara?