Mighty Jets ta Jos: Daga Kofin Lig na Farko Zuwa Ƙaramin Rukuni

A Gangare, idan hira ta yi daɗi a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, matasa kan rabu gida biyu, wasu na Arsenal wasu na Real Madrid. Amma da zarar wani dattijo ya ja benci ya zauna ya ce, "Ku yara, ba ku ga Jets ba," sai murya ta sauka, a koma saurare. Na sha ganin haka tun ina yaro. Ƙungiyar da yake nufi tana nan da ranta, tana fafutuka a ƙananan rukunai, inda ba kyamarar talabijin, ba kuɗin talla. Ita ce kuwa ta fara ɗaukar kofin lig na ƙasa baki ɗaya a tarihin Najeriya.

Kafin a yi Jets, sai da aka yi Jos. Haƙar kuza ce ta tara mutane a kan wannan tsauni tun farkon ƙarni na 20. Turawa suka zo da kamfanoninsu, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, Hausawa suka cika unguwanni irin su Gangare da Dilimi, ga Ibo da Yarabawa da Urhobo, ga Birom da Anaguta da Afizere. Turawan ma'adinai suka zo da tamaula, sanyin garin ya karɓe ta, makarantu suka raine ta. Tun 1951 tawagar Filato ta kai wasan ƙarshe na gasar da daga baya aka sani da Kofin Ƙalubale, ta sha kashi a hannun 'yan Reluwe na Legas. A shekarun 1960 ma an yi ta zuwa Legas ana dawowa hannu rabbana, har mutane suka soma cewa akwai wani abu tsakanin Jos da wannan kofi.

A 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, attajiri Alhaji Isiyaku Ibrahim ya kafa Mighty Jets. Jos ta ga tashin hankalin 1966 da idonta, ta ga maƙwabta sun tattara kaya sun bar gari, saboda haka ba ƙaramin abu ba ne a ce bayan shekara huɗu kacal an ga Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo cikin riga ɗaya, 'yan kallo na kiran sunayensu da murya ɗaya. Ba gwamnati ce ta kafa ta ba, ba kuma kamfani ba. Aljihun mutum ɗaya ne ya ɗauki albashi da mota da masauki, jama'ar gari kuma suka ba da zuciyarsu. A nan ƙarfinta yake, a nan kuma rauninta ya ɓuya, ko da yake ba wanda ya lura a lokacin.

Sai 1972 ta zo. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ƙaddamar da gasar lig ta farko, Jets ta lashe. Ƙungiya mai shekara biyu a duniya ta sha gaban manyan Legas da Ibadan.

Sai dai abin da dattawan Gangare suka fi riƙewa daga wannan shekara shi ne wasan da ba a ci ba. A wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, a filin Onikan da ke Legas, Jets ta kara da Bendel Insurance ta Benin. Bendel ta zura biyu, lokaci ya ƙure, masu sauraron rediyo a Jos sun fara miƙewa. Wani kawuna ya ce har ya naɗe tabarmarsa zai shiga gida, sai ihu ya ɓarke a bayansa. Cikin 'yan mintunan ƙarshe Jets ta farke duka biyun, Sam Garba ne a tsakiyar abin, aka tashi biyu da biyu cikin hayaniya da gardama kan hukuncin alƙalin wasa. Aka mayar da wasan filin Liberty na Ibadan, Bendel ta ci uku da biyu. Kawun nan nawa, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa ba da labarin ya kai Ibadan ba. Kullum a Onikan yake tsayawa. A 1974 Jets ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta doke ta biyu da nema.

Mutanen da suka sa rigar sun isa a yi alfahari da su. Sam Garba yana cikin tawagar Najeriya da ta je gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, wadda ta yi canjaras uku da uku da Brazil. Haɗarin mota ne ya yi ajalinsa a 1978. Baba Otu Mohammed, ɗan wasan gefe, ya haska a gasar cin kofin Afirka ta 1976 a Habasha, inda Najeriya ta zo ta uku. Isma'ila Mabo kuwa, bayan ya rataye takalmi, shi ya kai Super Falcons zagayen kwata fainal a gasar duniya ta mata ta 1999 a Amurka. Ya rasu a 2023.

Koma-bayan bai zo dare ɗaya ba. Kasuwar kuza ta mutu, kuɗin garin ya ragu, ƙwallon Najeriya kuma ta koma hannun gwamnatocin jihohi. Ƙungiyar da aka kafa a 1975 da sunan JIB, wadda ta zama Plateau United, ita ta sami gatan gwamnati. Ita ta kawo Kofin Ƙalubale Jos a 1999, ta kuma ci lig a 2017. Na yi murna da wannan, domin nasarar gari ce. Amma ba zan ɓoye ba, raina ya so a ce Jets ce. Ita kam ta faɗa ƙasa, ta ɗan leƙo babban rukuni a farkon shekarun 2000, ta sake komawa. Rikicin da ya fara a Satumban 2001 ya ƙara dagula lamari, domin ya raba unguwanni, ya sa mutum yana tunani sau biyu kafin ya ƙetara wani titi don kallon wasa.

Wanda bai san ƙaramin rukuni ba, ba zai gane nauyinsa ba. Doguwar tafiya ce a bas ɗaya, 'yan wasa da jakunkuna a kan cinya, filaye masu ƙura, albashin da kan makara, yaro mai hazaƙa kuma da ya fara haske sai a ɗauke shi. Duk da haka Jos ba ta daina haihuwa ba: a nan Mikel Obi ya tashi, a nan aka haifi Ahmed Musa.

Ranar da Jets ke wasa a gida, za ka ga tsofaffi 'yan ƙalilan sun riga kowa zuwa, da hula da carbi, sun zauna a inda suka saba. Na taɓa zama kusa da ɗaya daga cikinsu. Wani matashi mai lamba bakwai ya yanke mai tsaron baya ya tsere ta gefen layi, sai dattijon ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, ka gani? Haka Baba Otu yake yi."