Daga Golmo Zuwa Bariki: Yadda Zuru Ta Riƙa Jan Hannun Na Baya

Ina so in ɗan waiwayi wata al'ada ta ƙasarmu wadda nake ganin muna neman sakin ta.

Tun kafin boko, saurayi a ƙasar Lelna ba ya koyon aiki shi kaɗai. Cikin golmo, watau noman da samari kan yi wa surukai har shekara 7 kafin a ba su mata, ƙarami yana bin kunyar babba ne, a nan yake koyon riƙon garma da haƙuri. Da Turawa suka zo suka ga wannan juriya, sai suka yi ta ɗibar Dakarkari aikin soja, har wasu suka je yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945.

Waɗanda suka dawo ba su zauna haka nan ba. A unguwarmu na tarar da wani tsohon saje wanda kan tara yara da asuba ya sa su gudu, ya duba takardunsu, ya gaya musu abin da za su tarar a dafo na Zariya. Kwabo bai taɓa karɓa ba. A ganina, irin wannan jan hannu yana cikin abin da ya sa ƙaramar masarauta kamar Zuru ta fid da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, gwamnan Bauci daga 1984 zuwa 1985, wanda daga baya ya zama Sarkin Zuru, da Tanko Ayuba da ya riƙe Kaduna daga 1990 zuwa 1992, da kuma Ishaya Bamaiyi, hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999.

To, mu 'yan biro fa? Ranar da na kama aiki a Birnin Kebbi, da digirina a hannu, ban san yadda ake rubutu a fayil ba. Wani dattijon masinja ne ya ji tausayina ya nuna mini, bayan na sha kunya mako biyu.

Tun 2020 muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, amma ƙannenmu na aji shida suna cika fom ɗin JAMB ba wanda ya zauna da su. Shawarata ga ƙungiya ita ce, a lokacin Uhola, tun da yawancinmu muna gida, likita da lauya da akanta da soja kowa ya ba makaranta yini guda, ya kuma bar wa shugaban makaranta lambar wayarsa.