Samari da Riƙon Gadon Kakanni

A ƙasar Hausa, tarihin gari a bakin mutane yake zaune. Maroƙan fada ke riƙe da jerin sarakuna da kirarinsu, malamai na rubuta abin da ya sawwaƙa da ajami, tsofaffin mata kuma na yi wa jikoki tatsuniya da dare. Amma wannan ajiya ba ta ƙetare zamani sai an samu yaron da zai zauna ya karɓe ta. Don haka, a wannan buki na cikar sarauta shekara ɗari, ya dace a tuna da rawar da samari suka taka wajen isar da gadon kakanni zuwa yau.

Tun kafin zuwan Turawa, garuruwa da ƙauyuka na da samariya. Sarkin samari ne ke jagorantar ta da yardar mai gari, ƴan mata su ma da tasu shugaba. Su ke fita gayya, su ke tarbon baƙi, su ke raya dandali da gaɗa da kokowa idan kaka ta yi. A Damagaram, wasan kara makaranta ce babba: samari kan kwaikwayi sarki da fadawansa da manyan gari, jama'a na dariya, su kuwa suna koyon sunayen sarautu da tsarin zaman fada ba tare da allo ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, aikin ya sami sabon makami, wato na'urar ɗaukar magana. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo, inda matasan malaman lakwal ke shiga ƙauyuka suna ɗauko muryar manoma da dattawa, a watsa ta ƙasa ta ji. A 1968, bisa himmar Bubu Hama, aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda daga baya aka san ta da suna CELHTO. A cikin wannan yanayi ne Andre Salifu, ɗan Damagaram, ya fitar da littafinsa kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 a shekarar 1971, bai ko cika shekara 30 ba. A 1975 Jibo Hamani ya biyo baya da tarihin Adar kafin mulkin mallaka. Dukansu biyu sun durƙusa gaban tsofaffi kafin su ɗauki alƙalami, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ba su labari ba su daɗe ba suka riga mu gidan gaskiya.

Da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, sai ya farfaɗo da samariya a faɗin ƙasa. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko. A 1976 kuma aka yi bukin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Tun da ba a zuwa gasa hannu banza, tilas samari suka koma wurin dattawa neman kiɗa da rawar da aka fara mantawa. Gaskiya ne gwamnatin soja ta yi amfani da samariya wajen isar da manufofinta, kuma wannan ya sa da iskar jam'iyyu ta kaɗa bayan taron ƙasa na 1991, ƙungiyar ta yi sanyi. Kokowa ta tsira, takobi na ci gaba da zagaya jihohi, amma yawancin aikin tattara al'adu ya rasa uban gida.

Misalin Maraɗi ya isa ya nuna abin da ke cikin haɗari. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon birnin da ke cikin fadama, wanda Katsinawa suka mayar da shi mazaunin sarautarsu tun zamanin Ɗan Kasawa, aka tayar da sabon gari a kan tudu. Inda ƙofofi suke, da inda kasuwa take ci, da wace unguwa ke maƙwabtaka da wace, mafi yawansa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka gani da ido ya rage. Yaron da ke da shekara 10 a lokacin, a 2025 ya cika 90. Kowane gari na da irin wannan labari nasa. Kaset-kaset ɗin da aka ɗauka a shekarun baya ma zafi da ƙura na cin su a cikin akwatuna.

Samarin yau ba su rasa kayan aiki ba. Wayar salula da ke aljihunsu ta fi na'urar da malaman 1962 ke ratayawa a kafaɗa, ga kuma gidajen radiyon karkara da suka yaɗu tun daga 1999. Har wurin da suke taruwa shan shayi, fada suke ce masa, sunan da suka aro daga gidan sarauta. Abin da ya rage shi ne wannan fada ta taka zuwa waccan. A gaida dattijo, a nemi izininsa, a ɗauki maganarsa, a rubuta sunansa da garinsu da ranar da ya yi ta, sa'annan a ajiye kwafi guda a gidan sarki, inda na baya za su tarar da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Allah ya ja zamanin sarki, ya jiƙan magabata, ya ba samari kunnen sauraro tun masu ba da labari na da rai.