Yadda Rigimar Ganyen Shayi Ta Raba Amurka Da Ingila

Mu da muke kasuwa mun san yawancin manyan rigingimu daga bakin kuɗi suke tashi. To, haka ta faru tsakanin Ingila da 'ya'yanta da suka ƙetare teku suka kafa yankuna 13 a gaɓar Amurka.

A 1763 Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa. Ta ci nasara, amma bashi ya yi mata katutu, sai majalisar London ta ce mazauna Amurka su kawo nasu kason. A 1765 aka sa dokar hatimi, wato takardar kotu da lasisi da jarida, kai har karta, sai an biya an buga musu tambarin gwamnati. Mutanen suka ce atafau, tunda ba su da wakili ko ɗaya a majalisar da ta yanka musu harajin.

Abin da ya fi burge mu shi ne, ba bindiga aka fara ɗauka ba. 'Yan kasuwar New York da Filadelfiya da Boston ne suka haɗa baki suka daina odar kaya daga Ingila. Nan da nan iyayen gidansu na London suka ji a jikinsu, su da kansu suka yi ta kai kuka majalisa har aka soke dokar a 1766. Da aka sake ɗora kuɗin fito a kan gilashi da fenti da takarda da shayi a 1767, sai aka koma gidan jiya, mata suka duƙufa kaɗi da saƙa don kada a sayi yadin Ingila. A 1770 aka janye duka, in ban da na shayi, kwabo uku a kan kowace laba.

Sai ga dokar shayi ta 1773. Kamfanin Gabashin Indiya ya tasam ma karyewa, ga shayi jibge ba mai saye. Gwamnati ta ba shi damar kai kayansa Amurka kai tsaye, ya sayar ta hannun wakilan da ya zaɓa. Shayin ma araha zai yi, amma fa an tsallake 'yan sari da dillalai ke nan, kuma duk wanda ya saya ya amince da harajin. A Boston, biyu daga cikin wakilan 'ya'yan Gwamna Hutchinson ne, kun ji fa. Ba za mu ɓoye ba, cikin masu kururuwa akwai 'yan fasa-ƙwaurin shayin Holan da suka ga kasuwarsu za ta mutu.

Daren 16 ga Disamba 1773 wasu suka yi shigar Indiyawan daji, suka hau jirage uku, suka farfasa akwati 342 suka zubar a teku. Ingila ta fusata ta rufe tashar Boston a 1774, ta ce sai an biya. Maimakon sauran yankunan su tsorata, sai suka yi ta aika wa Boston abinci.

Daga nan ba a daɗe ba aka gwabza a Lexington da Concord cikin Afrilu 1775. Joj Washinton ya zama shugaban mayaƙa, aka yi shelar 'yanci ran 4 ga Yuli 1776. Faransa ta shigo musu a 1778, Janar Cornwallis ya miƙa wuya a Yorktown a 1781, aka sa hannu a sulhu a Paris a 1783.

Sai dai 'yancin bai kai kan kowa ba. Washinton da Jefferson, wanda ya tsara takardar shelar, duk suna da bayi baƙar fata, ba a kuwa haramta bauta a ƙasar baki ɗaya ba sai 1865.

Wani abin da ba kasafai ake faɗa ba, tun ana tsakiyar yaƙi, a Disamba 1777, Sarkin Maroko Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ya buɗe wa jiragen Amurka tashoshinsa su shigo su yi ciniki. A 1786 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar zumunci.